Rahoton duba gida ya zo, rabinsa "ba a duba ba": ƙa'ida ce ko cuta?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema cikin gaggawa, kwana 4 suka rage mini. Mun ga gida a arewa maso yammacin Houston, a jihar Texas ta Amurka, ginin 1972, ɗaki uku. Mun daidaita, mun sa hannu, aka ba mu kwana 7 na zaɓi, wato kwanakin da za mu iya fasa cinikin. Dillalinmu ya kawo mai duba gida, na biya shi dala 475. Jiya da dare ya turo rahoto, shafi 46, na zauna na karance shi tas, kuma wallahi raina ya ɓaci. Cikin silin ba a duba ba, wai mai gidan ya tashi amma ya jibge sauran kayansa a gareji sun tare ƙofar hawa. Hitar ruwa da injin ɗumama gida ba a gwada ba, wai an rufe gas. Bututun da ke ƙarƙashin daɓe ba ya cikin aikinsa. Akwai tsaga a bangon waje kusa da tagar falo, ya ɗauki hoto ya ce a nemi injiniya. Akwatin wuta kuma a nemi mai wayarin. To ni me na biya? In duk abin da ya gani zai ce in nemi wani, ai da tun farko wanin zan nema. Haka ake aikin nan, ko raina mini hankali aka yi? Kuma in ci gaba ko in janye?

Ɗan Zongo:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni tun daga "dillalinmu ya kawo" na ga matsala. Dillali ba ya ganin la'adarsa sai ciniki ya faɗa. Mai duban da ya ɓata masa ciniki sau biyu ba zai kira shi na uku ba, kuma su masu duban sun san da haka. Ba a ba kura ajiyar nama. Ka janye, gidaje ba su ƙare ba.

Anti Dillaliya:
Haba Ɗan Zongo, kada ka yi mana kuɗin goro. Ni sunaye uku nake bai wa mai saye, in ce ya zaɓa ko ya nemo nasa. Sannan ka duba da kyau, mai duban da ke son ciniki ya faɗa ba zai rubuta "a nemi injiniya" ba, domin babu maganar da ta fi wannan kashe ciniki a Houston.

Baban Sadiq, kada ka janye yau, kada kuma ka bari kwanakin su ƙare kana zaune. A yarjejeniyar Texas, cikin kwanakin zaɓi kana da ikon fasawa ba tare da ka faɗi dalili ba, a mayar maka da kafin alƙalaminka, kuɗin da ka biya na kwanakin zaɓin kawai za ka rasa. Amma sanarwar fasawa sai ta isa kafin ƙarfe 5 na yamma a ranar ƙarshe. Ana iya ƙara kwanaki a rubuce in mai gidan ya yarda. Kuma ka buɗe yarjejeniyar wajen sakin layi na 7: wajibin mai sayarwa ne ya sa a kunna ruwa da wuta da gas da kuɗinsa. Wannan rufe gas ɗin laifinsu ne. Dillalinka ya kamata ya tabbatar an buɗe kafin ranar dubawa, a nan kam ina ganin ya yi sake.

Kawu na Dallas:
Ƙanena, kwantar da hankalinka. Wannan sana'ata ce, da lasisin jihar nan nake yinta, bari in yi maka bayani a tsanake.

A Texas hukumar harkar gidaje ta jiha, wato TREC, ita ce ke ba mu lasisi, ita ta tsara ƙa'idar aiki, ita ta tsara fom ɗin da muke cikawa. Ba ni da ikon ƙirƙiro nawa. Ka duba gefen kowane sashe za ka ga akwatuna huɗu: I, NI, NP, D. Na farko an duba, na biyu ba a duba ba, na uku babu abin a gidan, na huɗu an ga aibi. Aikinmu duba ne da ido, da taɓa abin da hannu ke kaiwa, da kunna abu ta hanyar da mai gida yake kunna shi kullum. Ba mu fasa bango. Ba mu ɗaga tayil. Ba mu matsar da kayan mutane, domin gidan har yanzu ba naka ba ne, in na ja kwali wani abu ya fashe a wuyana yake. Ba mu buɗe gas ɗin da aka rufe. Wannan na ƙarshe ina so ka fahimce shi sosai: ban san dalilin da ya sa aka rufe ba. Wataƙila kuɗi ne ba a biya ba, wataƙila kuma yoyo ne. In na murɗa na kyasta wuta a gidan da ke yoyon gas, ba maganar rahoto za a yi ba.

Saboda haka mutumin da ya rubuta maka "ban shiga silin ba, ga dalili" ya yi abin da ƙa'ida ta ce. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne wanda zai ga ƙofar a tare, ya wuce, ya sa alamar an duba. Akwai su. Rahotonsa zai yi maka daɗin karatu, sai damina ta farko ka san gaskiya. Ƙa'idar ASHI, ƙungiyar masu duba gida ta Amurka, wadda aka kafa tun 1976, ita ma haka ta ce: duk abin da ya kamata a duba amma ba a duba ba, a faɗe shi, a faɗi dalili. Har rufin ma sai ka rubuta daga ina ka kalle shi, ka hau ne, ko daga kan tsani, ko daga ƙasa.

Abu ɗaya nake so ka duba mini. A sashen harsashin gini, ƙa'idar Texas ta tilasta mana mu rubuta ra'ayinmu a kan ko harsashin yana aikinsa. "A nemi injiniya" kaɗai bai wadatar ba. Me ya rubuta a wurin?

Baban Sadiq:
Na gode Kawu, Allah ya ƙara girma. Na koma na duba. Ya ce a ganinsa harsashin ya motsa fiye da kima a kusurwar falo, saboda tsagar ta bi layin bulo kamar matakala, ƙofofi biyu ba sa rufuwa daidai, kuma akwai rata tsakanin taga da bango. Yana shafi na 5, tsakiyar wani dogon sakin layi. Da farko ban ma lura ba, don shafin da ke biye da shi hotunan ciyawa ne da reshen bishiya da ya taɓa rufi.

Ɗan Zongo:
Kun gani ko? Abin da zai ci dubban daloli an cusa shi a tsakiya, an zauna ana ɗaukar hoton ciyawa. Kawu, da girmanka, ni a ganina wannan ƙa'idar taku an rubuta ta ne don ta kare ku. Jerin abin da "ba dole ba ne" ya fi jerin abin da ya zama dole tsawo. Sannan a takardar da ake sa mutum ya sa hannu kafin aiki, sai a rubuta cewa in an yi kuskure ba za a biya shi abin da ya wuce kuɗin dubawar ba. Mutum ya ci bashin shekara 30, a ce diyyarsa dala 475?

Kawu na Dallas:
Wannan sharaɗin yana nan a yawancin takardun, gaskiya ne, kuma yadda kotu ke kallonsa ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ni abin da nake gaya wa mutane, ku karanta takardar kafin ranar aiki, kada ku sa hannu a tsaye a bakin ƙofa. Amma a ce ƙa'idar mu kaɗai take karewa, ban yarda ba. Ita ce ta hana ni in duba gidanka yau gobe in dawo da kwangilar gyara, sai bayan wata 12. Ita ce ta hana ni biyan dillali don ya riƙa turo mini mutane. Ita ce ta hana a ce kuɗina ya dogara da faɗuwar ciniki ko da abin da na rubuta. Ita ce ta hana ni miƙa rahotonka ga wani ba da izininka ba. Je ka jihar da ba ta ba da lasisi, irin Kalifoniya, ka ga yadda mai saye yake fama kafin ya tantance wa zai amince wa.

Injiniya:
Ni ina tsakiyarku, amma a wannan gaɓar na fi karkata wajen Ɗan Zongo. Kawu, ka san abin da ke rubuce a shafin farko na fom ɗinku. A cikin abubuwan da ba a wajabta wa mai duba ba, har da fifita wani aibi a kan wani. Wato marfin soket da ya fashe da harsashin da ya motsa, alama ɗaya suke samu, D. A takarda nauyinsu ɗaya. Mutumin da ya taso a gidan bulo da siminti, ya zo ƙasar da ake gini da katako a lulluɓe shi da bulo ɗan siriri, bai taɓa ganin hitar gas ba, an miƙa masa alamar D guda 60 an ce ya yanke shawara cikin kwana 7. Ta ina zai san wanne ne na dala 5, wanne ne na dala 15,000? Faɗin abin da ba a gani ba gaskiya ce, na yarda ɗari bisa ɗari. Amma wanda ya ga babban abu ya jera shi daidai da ƙanana, ya cika ƙa'ida, bai sauke amanar wanda ya biya shi ba.

Baban Sadiq, ga yadda zan jera maka daga abin da ka faɗa, kuma ga dalili.

Harsashi da bututun ƙarƙashin daɓe tare suke, kada ka raba su. Ƙasar Houston yumɓu ce mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe. Daɓen kankare yana zaune a kanta, duk shekara tana ɗaga shi tana sauke shi. Tsaga kaɗai ba ta isa a ce gida ya lalace ba, da wuya ka sami tsohon gida a yankin da babu ita. Abin da ake so a sani shi ne, motsin ya tsaya ko yana ci gaba, kuma me ke jawo shi. Gidan 1972 akwai yiwuwar bututun ƙazantarsa na baƙin ƙarfe ne, binne a ƙarƙashin daɓe, ya haura shekara 50 yana tsatsa. In ya fashe a ƙarƙashin falo, ruwan yana jiƙa ƙasar wurin ita kaɗai, sai wannan kusurwar ta motsa daban da sauran gida. In aka gyara harsashi aka bar bututun, an yi asarar kuɗi. Ka nemo mai aikin famfo ya zura kyamara a bututun. Akwai kuma gwajin da ake toshe bututun a cika shi da ruwa a ga ko zai ragu, amma wannan sai mai gidan ya ba da izini daban a rubuce, haka yarjejeniyar ta ce.

Sannan injiniyan da za ka kira ya zama mai lasisi wanda ba ya sayar da gyara. Kamfanonin gyaran harsashi za su zo maka kyauta su auna, amma turakun da ake kafawa a ƙarƙashin harsashi suke sayarwa, kuma wanda ke sayar da turaku da wuya ya ce maka ba ka buƙatar su. Ka biya injiniya ya auna tudun daɓen ɗaki-ɗaki ya ba ka a rubuce da hatiminsa.

Na biyu wuta. Tura mana hoton akwatin.

Baban Sadiq:
Ga shi nan. A jikin marfin an rubuta Federal Pacific. Ya kuma ce ya ga wayar alminiyam a ciki.

Kawu na Dallas:
To wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwatunan wannan kamfani sun yi ƙaurin suna saboda makatsan wutarsu kan ƙi katsewa lokacin da ya kamata, waya ta yi ta zafi a cikin bango. Wayar alminiyam kuwa an yi amfani da ita sosai daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada. Matsalarta a mahaɗa take, wajen soket da makunni, tana saki tana zafi. Ana gyarawa, akwai mahaɗai na musamman, amma aiki ne na kowane soket a gidan. Kafin komai ka kira kamfanin inshora ka faɗa musu waɗannan biyun, don akwai waɗanda ba sa karɓar gidan sai an canza. Ba inshora, banki ba zai saki kuɗi ba.

Injiniya, maganarka ta shige ni. Ni a nawa rahoton ina sa shafi ɗaya a gaba, abubuwan da ke da haɗari ga rai, sai masu cin kuɗi da yawa, sai sauran. Ƙa'ida ba ta hana ba. Amma zan faɗa maka abin da ya sa wasu abokan aikina suke gudun yin haka. In ka ce wannan babba ne wancan ƙarami, ran da ƙaramin ya zama babba, da shafin nan za a kai ka kotu. Sannan mutane da yawa shafin farkon kawai suke karantawa su ajiye.

Injiniya:
Na san da wannan tsoron, Kawu. Amma ai hukuncin da kuke gudun yankewa shi ne abin da aka biya ku dominsa. Hoto kowa zai iya ɗauka da wayarsa.

Hajiya Landan:
Salam 'yan uwa, na shigo a makare. Wannan da Injiniya yake nema, mu nan Ingila shi ne tsarin. Ƙungiyar masu duba gine-gine da ƙiyasinsu, wato RICS, ta fito da sabuwar ƙa'idar duba gida da ta fara aiki a Maris 2021, mataki uku ne. Na ɗaya taƙaitacce, na biyu shi yawancin mutane ke yi, na uku na tsofaffin gidaje ko waɗanda aka yi wa sauye-sauye. A rahotonsu kowane sashe na gida ana ba shi lamba da launi. 1 kore, ba ya buƙatar gyara yanzu. 2 ruwan ɗorawa, akwai gyara amma ba na gaggawa ba. 3 ja, babba ne ko na gaggawa. Abin da ba a duba ba kuma a sa masa alamarsa. Lokacin da muka sayi namu, maigidana bai karanta duka ba, amma ya ga ja guda biyu ya san inda za mu tsaya da mai sayarwa.

Ba wai namu ba shi da gyara ba. Su ma suna cika takarda da "a ƙara bincike", kuma ba sa gwada wuta da gas, kallo kawai suke yi. Babban abin da ke cutar mutanenmu a nan ma daban ne: suna ɗauka ƙiyasin da banki ya yi shi ne duba gida. Na banki don banki aka yi shi, ya san ko gidan ya kai bashin. A Scotland kuma tun Disamba 2008 mai sayarwa ne ke kawo rahoto kafin ya sa gida a kasuwa.

Ɗan Zongo, game da sharaɗin kare kai, akwai tsohuwar shari'a a nan, ta wata Misis Smith da kamfanin Eric S Bush. An cire gindin bututun hayaƙi a cikin gidan aka bar na sama ba madogara, mai ƙiyasi bai duba ko na saman yana da madogara ba, daga baya bulo ya rufto ta rufi. Kamfanin ya fake da sharaɗin da ke takarda, amma a 1989 kotun ƙoli ta lokacin ta ce sharaɗin bai dace ba ga mai sayen ƙaramin gida, sai sun biya.

Ɗan Zongo:
Hajiya, na Ingila ya fi mini. Na Scotland kuwa, mai sayarwa ya zaɓi mai duba ya biya shi? Mun koma gidan jiya.

Anti Dillaliya:
Amma Hajiya, launin ma yana da nasa. Na ga masu saye da suka gudu daga gida mai kyau don mai duba ya rubuta "haɗari" a kan abin da dala 200 za ta gyara. Tsohon gida ba zai taɓa cika ƙa'idar ginin yau ba. Kuma ku sani, alamar D ba ta tilasta wa mai sayarwa gyara komai. Ciniki ne, ka nema, ya yarda ko ya ƙi.

Maman Iman:
Ni dai Baban Sadiq, ka gode Allah da ka sami wanda ya rubuta maka "ban duba ba". Mu a 2021 muka saya a Ohio, lokacin da gida ɗaya mutum goma suke rububinsa. Aka ce in muna so a karɓi tayinmu sai mu yafe dubawa, muka yafe. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa an yi masa sabon fenti fari tas. Ruwan bazara na farko ya shigo ta bango, da muka kankare fentin sai ga tsohon layin ruwa a ƙasansa. Har yau muna biyan bashin gyaran.

Sannan a matsayina na ma'aikaciyar jinya, akwai abin da ban ji kowa ya ambata ba. Gidan 1972 ne, kuma kana da ƙananan yara. An hana fenti mai dalma a gidaje a 1978. Dokar tarayya ta ce duk gidan da aka gina kafin nan, sai mai sayarwa ya ba ka takardar bayani, kuma kana da kwana 10 na gwaji in ba ka yafe ba. Duba gida na yau da kullum bai haɗa da wannan ba. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu ɗauke shi da wasa ba. Wajen tagogi da ƙofofi ya fi fitowa, inda fenti ke gogewa ya zama ƙura yaro ya sa a baki. Ka duba takardun da ka sa wa hannu ko an sa ka yafe ba ka sani ba.

Kawu na Dallas:
Gaskiyarki 'yar uwa. Dalma, fumfuna, iskar radon mai cutarwa da ke fitowa daga ƙasa, duk a wajen ƙa'idarmu suke. Ita ma gara mai cin katako, a Texas rahotonta daban, lasisinta daban, a ƙarƙashin ma'aikatar gona ta jiha. Gidan katako a ƙasa mai laima, kada a tsallake wannan. Kuma tunda Houston ce, ka karanta takardar bayanin mai sayarwa wajen tambayoyin ambaliya, an ƙara su ne a 2019 bayan guguwar Harvey ta 2017. Ka tambayi maƙwabta ma ko ruwa ya shiga layin.

Malam Liman:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun safe, Allah ya saka wa kowa. Abin da zan ƙara kaɗan ne, kuma ga 'yan uwanmu masu sayarwa da dillalai da masu duba nake yi, domin yau kai ne mai saye gobe kai ne mai sayarwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji laima a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ku lura, mutumin bai ce abincinsa busasshe ne ba. Ya dai sa aibin a inda ido ba ya kaiwa. Fentin da aka yi wa Maman Iman ya shiga nan kai tsaye. Malaman fiƙihu kuma sun yi bayani mai tsawo a kan haƙƙin mai saye na mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Ni ban ce mai duban Baban Sadiq ya yi algus ba, ya faɗi abin da ya gani. Amma ɗan'uwanmu Musulmi da ke wannan sana'a, ina yi masa nasiha ya ɗora babban aibi a sama, ko doka ba ta tilasta masa ba.

Baban Sadiq:
Jama'a na gode ƙwarai. Na kira mai duban, ya ɗauka, ya yi mini bayani fiye da rabin sa'a, kuma da bakinsa ya ce harsashi da wuta su ne manya. Ya ce zai dawo ya shiga silin ya gwada hita in an buɗe gas, da ɗan ƙarin kuɗi. Mai gidan ya yarda da ƙarin kwana 5 da kyamara, gwajin cika bututu da ruwa ne bai amsa ba tukuna. Injiniya zai zo jibi.

Anti Dillaliya:
Madalla. Ƙarin kwanakin ka tabbatar kowa ya sa hannu a takarda, saƙon waya bai isa ba. Ran da zai dawo kuma ka je da kanka ka bi shi.

Ɗan Zongo:
Abin da ya faɗa da baki ya rubuta shi. Gobe in magana ta tashi, takarda za a duba.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen. Da yawanmu nan kuɗin da muke tarawa gida muke turawa a saya mana gida, a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, kuma abin da muke samu bidiyo ne na minti biyu daga ƙane ko suruki. Wannan fom ɗin na Kawu ba zai yi aiki a can ba?

Injiniya:
Tsarinsa zai yi, abin cikinsa sai an sauya. A Najeriya akwai masu rajista da za su iya: injiniyan gini mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN, magini mai rajistar hukumar magina ta CORBON. Masu ƙiyasin gidaje kuma farashi suka fi ba ka, kada a haɗa biyun. Abin da na saba gani shi ne a ɗauki maginin unguwa ya zaga ya ce "gini lafiya lau", sau da yawa ma shi zai yi gyaran bayan an saya, ko dillalin ne ya kawo shi. Duk abin da muka tattauna a sama ya dawo ke nan.

In ni ne, zan ce a duba a watan Agusta, ruwa na sauka. A shiga silin da tocila a ga katako da kwano, a nemi hanyar gara. A duba gindin bango ciki da waje ko laima tana hawa, musamman inda aka yi sabon fenti ko aka manna tayil a bango har ƙugu ba dalili. A ƙwanƙwasa tayil ɗin ƙasa a ji ko akwai kogo. In bene ne a kalli ƙasan dakin, wato rufin kankare, ko rodi ya yi tsatsa ya tsaga kankare, a kuma tambaya ko da bene aka tsara harsashin ko daga baya aka ɗora. A auna tsakanin rijiya da sokawe. A ga tsayin daɓen gida a kan titi, don gidaje da yawa titi ya fi su tudu bayan an yi kwalta. Ingancin bulo da yawan rodin da ke cikin ginshiƙi ido ba ya gani bayan an yi filasta, wannan dole mai duba ya rubuta cewa bai gani ba.

Kawu na Dallas:
Ɗan Maraɗi, zan zauna ƙarshen mako in fitar da shi da Hausa, shafi biyu ko uku, da akwatuna huɗun nan, sannan in ƙara lambar Hajiya ta 1, 2, 3 a gefe. Zan cire hitar gas da injin ɗumama gida, in sa rijiya, tankin sama, sokawe, janareto da sola. Injiniya, kai za ka rubuta sashen dakin da ginshiƙai, ba fannina ba ne.

Hajiya Landan:
A sa layi a ƙasa inda mai duba zai rubuta wa ya kira shi, wa ya biya shi, da ko yana da alaƙa da mai gidan ko dillali.

Injiniya:
Na ɗauka. Ɗan Maraɗi, ka tambayo mana wa ke ba injiniyoyi rajista a Nijar, a sa gurbin lambarsa shi ma.